Ƙaryar da Na Yi wa Likita a Kan Jikana

Ni ne mutumin da ya ɗauki jikansa da ƙafarsa ya kai shi asibiti, ya zauna gaban likita ya yi mata ƙarya tun daga sallama har zuwa sai an jima, ya kuma fito yana jin kansa gwani. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka dattijon kirki ne ke ba da labari. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina dakon buhunan gyaɗa. Malaminmu ya ce kaina na da kyau, kaya ne suka danne shi. Duk inda kuka ga rubutu ya karkace, kun san inda ya samo asali.

Abin ya faru ne a shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Lokacin takardu ne. Duk inda ka juya akwai wani riƙe da fom yana tambayar sunanka da na ubanka da na ƙauyenku. Ga sababbin kotuna, ga 'yan hisba, mutum ya yi suɓutar baki a kasuwa sai ya wuni yana tunanin inda maganar za ta sauka. Ban ce wani ya taɓa yi min komai ba. Ni dai haka Allah ya yi ni, ko mai sallama ne sai na duba hannunsa kafin in amsa.

Yaron ɗan fari ne ga ɗiyata. Mijinta ɗan ƙanena ne da ke Birnin Tsaba, wajen Zurmi, kuma ni na haɗa auren da bakina, na yi ta alfahari da shi a majalisa. Da aka yaye yaron sai aka kawo mana shi Kaura, yadda aka saba, ya zauna hannun kakarsa. A wajenmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa, in ana zancensa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Uban ma haka. Kunya ce, kuma ɗiyata ta riƙe ta fiye da kowa a danginmu, har ana misali da ita. In ta zo ganin gida sai ta gaida kowa, har akuya ta tambayi lafiyarta, ta tsallake yaron kamar turmi ne aka ajiye.

Tsohuwata, wato kakar tasa, tana kiransa maigida, ni kuwa ina kiransa ɓarawon mata, irin wasan kaka da jika. Sai dai wasan ni kaɗai nake yinsa. Ya shekara huɗu bai ce uffan ba. Ka kira shi har muryarka ta dushe ba zai waiwayo ba, amma tsohuwa ta ɗaga faifai daga kan kwanon fura a can ƙuryar ɗaki, sai ka gan shi tsaye a bakin ƙofa. In yana son ruwa ba ya nunawa, hannunka zai kama ya ja ka har bakin randa ya ɗora shi a kan moɗa, bai ko dubi fuskarka ba. Tuwo yake ci gaya, miya ta taɓa shi ya bar shi ke nan. In aka tayar da injin niƙa na maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya durƙusa yana jijjiga. Aikinsa na kullum shi ne jera ƙwallon goruba, daga bakin zaure har rijiya, layi ɗaya miƙaƙƙe kamar layin dogo. Ni kuma, Allah ya yafe min, in na zo wucewa sai in sa ɗan yatsan ƙafa in goce ɗaya, don kawai in ga ya lura. Yana lura kuwa. Ihun da zai yi har bakin titi.

Wani malamin asibiti da muke sahu ɗaya a masallaci shi ya ce min akwai likitar yara da ke zuwa daga Sakkwato lokaci-lokaci, in kai shi. Ya ce in tafi da uwar, da kuma wadda ke rainonsa. Na aika Birnin Tsaba, ɗiyata ta biyo motar mata ta zo. Tsohuwa kuwa na ce ta zauna gida saboda ciwon gwiwarta. Gwiwar na ciwo, gaskiya ne, amma ba ita ce dalili ba. Matar nan ba ta da birki a baki, in aka tambaye ta abu ɗaya sai ta ba da bakwai.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi ɗiyata ba, da tabarau da farin hijabi. Na zaci za a ɗebi jini ko a sa shi a na'ura. Sai ta jawo takardu masu layi-layi ta cire murfin biro.

Ta ce, "Baba, wannan ba a ganinsa a jini. Ni rabin awa zan gan shi, ku shekara huɗu kuna tare. Abin da kuka gaya min shi ne awon."

Nan take jikina ya ba ni. Wane irin likita ne ba allura, ba magani, sai tambaya kamar ɗan sanda? Kuma na taɓa jin ana cewa akwai inda gwamnati ke tara masu taɓin hankali a can wajen Sakkwato. Na ce a raina, wato sabuwar jiha na neman nata mahaukatan ne a rubuce, za a fara da jikana.

Ta dubi ɗiyata ta ce, "Ke ce mahaifiyarsa? Wata nawa ya yi kafin ya fara zama?"

Ɗiyata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon bango. A gaban ubanta za ta yi zancen ɗan fari? Na yi gyaran murya na ce ni za a tambaya, ni ne mai shi.

"To Baba, in an kira sunansa yana juyowa?"

"Kamar soja."

"Yana magana?"

"A gida? Sai an roƙe shi ya yi shiru. Baƙunta ce kawai."

"Yana wasa da yara?"

"Shi ne sarkinsu."

"Akwai ƙarar da ke damunsa? Ko abin da yake maimaitawa kullum, in an taɓa ya yi fushi?"

"Babu. Yaro ne mai sanyin hali, ni ya biyo."

Duk wannan da nake yi, ɓarawon mata ya sauka daga benci, ya kwashe 'yan sandunan da take duba maƙogwaro da su, yana jera su a ƙasa daga ƙafar tebur zuwa ƙofa. Ta kira sunansa sau uku. Ko gezau. Ta tafa hannu a bayansa, ya toshe kunne bai waiwayo ba. Ta rubuta wani abu, ni kuma na miƙa wuya ina son in karanta a juye, bokon yaƙi da jahilci ya ƙi kai ni.

Sai ta ce, "Uwar da uban 'yan'uwa ne?"

Na ce to ga inda aka dosa. Za a rubuta cewa auren zumunci ne ya jawo, a kuma tambayi wanda ya haɗa, takarda ta tafi Gusau da sunana a kai. Na ce, "Ko kusa. Ita 'yar Kaura, shi mutumin Zurmi, a mota ma suka haɗu."

Na ji ɗiyata ta yi wani ɗan motsi a bayan mayafi. Likitar ta ajiye biro ta daɗe tana dubana. Ta ce abin da idonta ya gani da abin da kunnenta ya ji sun ƙi haɗuwa, don haka ba za ta rubuta komai a kansa ba. Ta duba kunnuwansa ta ce lafiya lau suke. Ta ce in mun sake shawara mu dawo, mu zo da mai ba shi abinci.

Na fito ina taku ɗai-ɗai. A majalisa na ce likitar Sakkwato ta juya shi ta juya, ba ta sami komai ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa wa mai shayi, na kuma aika wa ƙanena da saƙon har Birnin Tsaba, don ya san irin yayan da Allah ya ba shi.

Bayan kwana kaɗan sai ga shi a kan babur. Ƙanena manomi ne, mutum mai tsare gida, ba ya wasa, tun muna yara ni ke tsokana shi ke shan duka. Ya zauna a zaure ya ce, "Yaya, tunda asibiti sun ce ba nasu ba ne, to mun san ko na wa ne. Iska ce. Akwai wani malami wajen Galadi da ke fitar da su, har daga Nijar zuwa ake. In mun gama yankan gero, Asabar ta sama, ni da uban za mu zo mu ɗauke shi."

Na ce a dakata tukuna. Ya ce a dakata a jira mi? Ga shi ni da bakina na rufe ƙofar asibiti. Kuma ɗa na dangin uba ne, riƙo kawai aka ba mu. In sun ce za su ɗauka ba ni da ta cewa.

Halin nawa na zargi bai bar malamin ma ba. Ranar Alhamis na ce wa tsohuwa zan je kasuwar Shinkafi duba awaki, daga can na hau kabu-kabu aka kai ni gidansa a Galadi. Na shiga a matsayin mai neman taimako ga wani ɗan'uwa. Ba karatun nake zargi ba, Alƙur'ani waraka ne, ni ma ana yi min tofi in sha. Abin da na gani a tsakar gidan ne ya tsaya min. An cika wuri da hayaƙi har ido na yaji. Ƙarti huɗu sun danne wani saurayi a tabarma, an kafa masa lasifikar hannu a kunne ana ta kwarara masa tsawa, wani na tsaye da tsumagiya. Na ja wani daga cikin masu hidimar gefe na ce, ƙananan yara fa, su ma haka ake yi musu?

Ya ce, "Har na goye, Baba."

Na ce, "To in yaro ba ya son ƙara, yana toshe kunne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan shi muke nema. Toshe kunne shaida ce aljanin na jin zafi. Sai a riƙe hannuwan a ƙara murya."

Ban san lokacin da na fito ba. A kan babur ina ta ganin jikana durƙushe saboda injin niƙa da ke bayan katanga biyu, ina ƙiyasta shi a ƙarƙashin ƙartin nan da lasifika a kunne. Ɗan kabu-kabun ya ce Baba ka daina matse ni haka, ba faɗuwa za mu yi ba.

Na iske tsohuwa tana tankaɗe. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, har da zancen haɗuwa a mota. Ta ajiye rariya.

"Malam, a mota? Ɗiyar da ka ɗaura wa aure a zauren nan, ka raba goro da hannunka?"

"Tsare gida nike."

"Ka tsare. Ga shi nan ka tsare shi har Galadi. Soja! Yaron da ko ni sai na taɓa kafaɗarsa. Kai ko kunyar furfurarka ba ka ji ba? Ka bar ni gida da sunan gwiwa, ashe bakina ka ɗaure."

Na ce ta rage murya maƙwabta na ji. Ta ce su ji, ai su ma ƙaryar na kai musu har gida.

Malamin asibiti ya ce likitar za ta zo Talata, kwana huɗu kafin Asabar ɗin. Na sake aikawa ɗiyata ta zo. Wannan karon mu huɗu muka tafi, tsohuwa na ɗingishi tana yi min faɗa har ƙofar asibiti. Likitar na ganina ta gane ni. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, a taimaka a jira mu a waje."

Na fita. Amma ni ba a yi ni don zaman benci ba. Na zagaya bayan ginin na laɓe a gindin tagarta, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro.

Tsohuwa ta fara, ta zazzage komai, goruba, randa, tuwo gaya, har da ɗan yatsan ƙafata. Na ji likitar ta ce, "Shi Baban ke goce masa?" Tsohuwa ta ce, "Kullum, sai ka ce shi ne jikan." Da aka zo tambayar abin da ya faru kafin yaye, tsohuwa ta ce ita ba ta sani ba, yana hannun uwarsa a lokacin. Na san ɗiyata ta sake juyawa tana kallon bango.

Sai na ji likitar ta sassauta murya ta ce, "'Yar'uwa, ba zancen ɗanki nake tambaya ba. Na ji an ce akwai wani yaro a gidan Innarki. Ko kin san labarinsa?"

Can sai na ji muryar ɗiyata ƙasa-ƙasa.

Ta ce yaron nan tun yana shan nono bai taɓa kallon fuskar mai ba shi ba, hasken da ke shigowa ta ɓular rufi yake kallo. Ta ce in an miƙa hannu za a ɗauke shi ba ya miƙo nasa. Ya zauna a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci, amma a kan yatsu. Ta ce ya taɓa yin magana, kalma biyu, yana cewa ruwa, yana cewa Inna, kuma wata biyu kafin a yaye shi suka ɓace, ba su dawo ba. Ta ce uwar yaron ta daɗe tana ganin ko don ta ba da shi ne ya yi fushi ya ƙi sake magana. Ta ce duk zuwan da uwar ke yi ganin gida ba don kowa take yi ba, a ɗakin Inna take zama ta ɗaga gefen labule tana kallonsa har la'asar. Ta san yawan gorubarsa. Ta san wadda yake farawa da ita.

Ni ban taɓa sanin ya yi magana ba. Tsohuwa ma ba ta sani ba. Shekara biyu da wani abu yaron na gidana ina ba da labarinsa a majalisa, wadda ta fi kowa saninsa tana bayan labule, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta, don ba a yi. Cinnaka suka hau ƙafata suna cizo, na kasa ko motsawa.

Sai na ji an ce, "Baba na taga, a shigo haka nan, rana ta yi zafi."

Na shigo ina kaɗe riga kamar iska na je sha. Ta ce abin da suka faɗa da abin da ta gani yanzu sun haɗu. Ta kira sunan abin da Turanci, otizim, wanda yanzu nake ji a rediyo ana ce wa galahanga. Ta ce za ta so ta sake ganinsa sau biyu ko uku, amma ba hauka ba ne, kuma ba yaye ne ya jawo ba, ta faɗi wannan tana duban ɗiyata. Ta ce haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, ƙara da taɓawa suna isa gare shi da ƙarfin da ba sa isa gare mu. Babu allurar da ke cire shi, sai koyarwa a hankali, abu ɗaya-ɗaya, da gajeruwar magana, ba tsawa. Na yi ƙarfin hali na ce zancen mota fa ƙarya ne, ɗan ƙanena ne. Ta ce ta sani, ɗiyata ta gaya mata, kuma kowa take yi wa tambayar, ba za ta iya cewa shi ne sanadi ba. Na ce takardar fa, ina za ta? Ta jawo aljihun tebur ta nuna min. Ta ce ɗaya nan, ɗaya hannunku, ba alƙali ba gwamna. Na duba aljihun da kyau, har da kulle.

Ranar Asabar da hantsi ƙanena ya iso, shi da ɗansa, babura biyu. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na ba da labari tun daga farko, ban rage komai ba, har zuwana Galadi. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta, shi ko yaƙi da jahilcin bai yi ba, ya ajiye.

Ya ce, "Yaya, wancan karon ka ce likita ta ce lahiya lau. Yau ka ce ta ce ciwo ne. Mutum guda, baki guda. Wacce zan ɗauka?"

Na rantse masa. Ya ce wancan karon ma na rantse, a gaban ɗan aike. Ya miƙe ya ce wa ɗansa ya shiga ya ɗauko yaron, rana na yi.

Kafin ɗan ya tashi sai ga ɗiyata, wadda ba ta koma ba tun Talata, a ƙofar zaure ta cikin gida. Tunda aka kai ta gidansu ba ta taɓa tsayawa gaban surukinta ba, in ta hango shi hanya take sakewa. Ta durƙusa a bakin ƙofar, ba ta rufe fuska ba. Ta kira sunan yaron, cikakke, a gaban ubanta da surukinta da mijinta. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai ya yi min kamar na wani ne.

Ta ce, "Baffa, ɗana ne. Ni na gaya wa likita abin da ta rubuta, ba Baba ba. Ba shi da iska. In an riƙe mishi hannu aka yi mishi tsawa a kunne, ban san abin da za a maido min ba. In dole sai an tahi da shi, a tahi da ni, a fara da ni."

Daga tsakar gida ana jin ƙarar goruba, ƙwas, ƙwas, yana ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Mijinta, wanda shi ma ban taɓa jin ya yi zancen yaron ba, ya sunkuyar da kai yana tonon tabarma da farce, ya ce, "Baba, a bar shi."

Ƙanena ya dubi ɗansa, ya dubi ɗiyata. Sannan ya ce mata ta tashi ta shiga, ya ji. Ya nemi takalmansa.

Yaron ya zauna a hannunmu. Mun koma wajen likitar har sau uku, da tsohuwa da uwar, ni a benci. Bai zama mai surutu ba har yau, amma yana faɗin abin da yake so, kuma shi ke ba dabbobin gidan nan ruwa, ba ya saɓa lokaci.

A ranar Asabar ɗin dai na raka ƙanena bakin titi. Ya hau babur ya taka ya ƙi tashi, ya sake takawa. Ina tsaye ina neman wata tsokanar da zan yi masa don mu rabu da dariya, ban samu ba. Da injin ya kama sai ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Yaya, ni dai aljani na zarga, kowa ya san abin da na zarga. Kai da ka je da ƙafarka ka yi musu ƙarya, wa kake zargi?"